Hanyoyin Damargu da rayukan masu bin su

Duk wanda ya san Damargu ya san arzikinta bisa hanya yake. Geron da aka noma a karkarar Gangara, da waken, da bisashen da ake kiwo daga nan har Tarka da Balbeji, ba su zama kuɗi sai sun hau amalanke ko mota sun kai kasuwa. Mace mai naƙuda wadda abin ya fi ƙarfin likitar ƙauye, hanya za ta bi zuwa Tanut ko Damagaram. Ɗan makaranta, da ɗan ci-rani, da mai kai gaisuwar mutuwa, duk haka. Garin Gangara yana yamma da kwalta, saboda haka mutuminsa hanya biyu yake bi a tafiya ɗaya: ya sha ƙurar jar ƙasa har ya fito wajen Sabon Kafi, sa'an nan ya hau babbar hanya mai lamba 11, ya yi kudu ko ya yi arewa. Kowace daga cikin biyun nan tana da irin nata haɗari, kuma a kan su muke son mu yi magana yau da mahukunta da talakawa baki ɗaya.

Wannan turba tsohuwa ce. Tun zamanin ayari, raƙuman Abzinawa ke ratsa Damargu da gishiri da dabino, su koma arewa da gero da tufafin Kano. Baturen nan Barth da abokan tafiyarsa sun sauka Tagalal a watan Janairu na 1851, cikin ayarin gishiri. Yau ita ce yankin ƙasarmu na babbar hanyar Sahara, wadda ta taso daga Aljer ta bi Tamanrasat, Arlit, Agadas, Tanut, Damagaram da Kano ta faɗa Legas, tsawon kusan kilomita 4500. Tun watan Nuwamba na 2011, da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙasar Olelewa, tankokin mai sun ƙaru bisa gingimarin da ke bin ta. An sake gina yankin Damagaram zuwa Tanut, kilomita 138, da taimakon Tarayyar Turai, kuma a 2021 Bankin Duniya ya amince da kuɗin gyaran yankin Tanut zuwa Tigidit, wajen kilomita 226. Wanda ya taɓa kwana bisa wannan hanya lokacin da ta farfashe, ya ga mota tana barin kwalta tana bin daji don daji ya fi ta daɗi, ba zai raina wannan aiki ba. Mu ma ba mu raina shi ba. Sai dai akwai abin da masu bincike suka daɗe da ganowa, wanda ba a cika faɗinsa ranar yanke ƙyalle ba: sabuwar hanya tana iya kashe mutane fiye da tsohuwar, in an gina ta don mota kaɗai, an manta da masu zama bakinta.

Bari mu fara da lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 1 da dubu 190 suka mutu bisa hanyoyin duniya. Ga yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, babu cutar da ta kai haɗarin hanya kisa. Fiye da rabin mamatan ba cikin mota suke ba: masu tafiya ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Afirka tana da wajen kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, amma kusan kashi 1 cikin 5 na gawarwakin nata ne. Game da ƙasarmu, rahoton 2018 ya nuna wani abu mai ban tsoro. A shekarar 2016 abin da hukuma ta rubuta bai kai mutum 1000 ba, alhali kuwa ƙiyasin masana ya haura 5000. Tazarar nan ba ƙarya wani ya yi ba. Wanda babur ya kayar a daji tsakanin Gangara da Balbeji, aka ɗauke shi zuwa gida, ya cika bayan kwana uku, aka yi masa sutura, babu jandarman da ya gan shi, babu takardar da ta san da shi. Ƙasa tana asarar ƴaƴanta ba ta ma san yawansu ba.

In haɗari ya auku, magana biyu ake ji. Wasu su ce ajali ne, wasu su ce laifin direba ne. Ajali gaskiya ne, amma ba mu taɓa jin wanda ya bar rijiya buɗe tsakar gida ya ce in yaro ya faɗa ajalinsa ne ba. Baki ake yi mata, a ɗora murfi. Laifin direba ma sau da yawa gaskiya ne, kuma dokar hanya ta 2014 ta tanadi hukuncinsa. To amma in aka tsaya nan, an kama mutum ɗaya an bar wurin da zai kama na gaba. Wani likita na Amurka mai suna William Haddon, wajen 1970, ya koya wa duniya ta dubi haɗari kamar yadda ake duban annoba. Ya ce abu uku ne ke haɗuwa, mutum da abin hawa da hanya, kuma lokaci uku ne, kafin karo da cikin karo da bayan karo. A kowane ɗaya akwai abin da za a iya yi. Daga nan ne aka fara tambaya: don me kwana guda take cin mutane kowace shekara, alhali direbobin da ke faɗawa cikinta ba su san juna ba? In direba goma sun yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, lalle wurin yana da hannu.

Uwar matsalar ita ce gudu, kuma an auna ta. Wani masani na ƙasar Suwidin, Göran Nilsson, ya bi lissafin hanyoyin da aka ƙara ko aka rage musu iyakar gudu, ya tarar da ƙa'ida wadda bincike da yawa suka tabbatar bayansa: in matsakaicin gudun motoci ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗari mai kisa yakan ƙaru da wajen kashi 4. Wato in tsohuwar hanya mai ramu ta tilasta wa direba kilomita 60 a awa, sabuwa ta ba shi 90, ba rabi aka ƙara ba. Haɗari mai kisa yana iya ninkuwa har sau 5, in ba a sake kome ba sai santsin kwalta. Kowa yana iya duba dalilin da kansa. Motar da ke kilomita 100 a awa tana cin mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin idon direba ya gaya wa ƙafarsa ta taka birki, mita 28 sun tafi, kuma birki mai kyau bisa busasshiyar kwalta yana bukatar wasu mita 55. Jimla ta haura mita 80. A kilomita 50 kuwa, duka-duka bai kai mita 30 ba. Yaron da ya biyo akuya ya fito bisa kwalta a mita 40, mai gudun 50 zai tsaya ya zage shi, mai gudun 100 zai buge shi kusan da dukan ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga gudun 50 zuwa 65 kaɗai, hatsarin mutuwar mai tafiya ƙasa da mota ta buga yana ninkuwa sau 4 da rabi.

Yanzu ku dubi Bakin Birji ko Sabon Kafi ranar kasuwa. Bisa takardar injiniya, hanya mai lamba 11 babbar hanya ce ta ƙasa da ƙasa. A idon mutanen garin kuwa, ita ce tsakar gari. Nan mai tsire ya kafa tukubarsa, nan mai shayi, nan ake lodin buhu, nan amalanke ke juyawa, nan tsohuwa ke tsallakawa da ƙwaryar nono bisa kai. Babu wanda ya yi laifi cikinsu, don kowane gari hanya yake bi, kasuwa kuma inda mota take tsayawa nan take zama. Injiniyan da ya zana kwalta miƙaƙƙiya mai faɗi ɗaya daga daji har tsakiyar kasuwa, ya kafa allo mai lamba 50 a bakin gari ya tafi, bai gama aikinsa ba. Direba da idonsa yake tuƙi, ba da allo ba. In hanya ta gaya masa daji ne, gudun daji zai yi. Tun 1976 wani mai bincike na Ingila, Jacobs, ya auna hanyoyin karkara a Kenya da Jamaika, ya ga yawan haɗari yana bin yawan mararraba da ƙuncin hanya. Ashe fiye da shekara 45 ke nan da aka san cewa wurin da hanyoyi ke haɗuwa, da wurin da jama'a ke taruwa, su ne ke son kuɗi da tunani, ba tsakiyar daji ba.

Kada wani ya ce maganin sai Turawa masu kuɗi. A ƙasar Gana, bisa hanyar Akara zuwa Kumasi, akwai mararrabar Suhum wadda ta yi suna wajen cin mutane. Masu binciken hanyoyi na Kumasi suka ba da shawara aka shimfiɗa ƙananan kunyoyi a jere bisa kwalta, waɗanda ke girgiza mota suna ƙara kafin ta iso. Tsakanin Janairu na 2000 da Afrilu na 2001, haɗari ya ragu da wajen kashi 35 cikin 100, mutuwa kuma da wajen kashi 55. Kuɗin aikin bai kai dalar Amurka dubu 21 ba, alhali sake fasalin wurin da aka ƙiyasta ya haura dubu 100. A Darussalam ta Tanzaniya, an yi wa kewayen makarantun firamare kunyar rage gudu, da wurin tsallakawa, da turbar masu ƙafa, aka kwatanta su da makarantun da ba a yi wa ba; raunin yara ya ragu da kashi 26 cikin 100. Waɗannan ƙasashe ƴan uwanmu ne, direbobinsu ba su fi namu haƙuri ba, motocinsu ba su fi namu sabunta ba.

Amma a nan akwai gargaɗi. A garuruwa da yawa, ranar da mota ta buge yaro, kafin dare samari sun tara ƙasa da duwatsu da kututture sun yi tudu bisa kwalta. Fushinsu muna gane shi. Sai dai tudun da ba shi da awo, ba fenti, ba allo, shi ma makami ne: mai babur da ya zo da dare bai san da shi ba zai tashi sama, mota mai lodi za ta karya ƙarfe ta kwanta. Kunyar rage gudu tana da tsawo da faɗin da aka auna, ana sa ta inda ido zai gan ta daga nesa, a gabace ta da ƙananan kunyoyi da allo. Kuma ita kaɗai ba ta isa ba. Ana matse hanya a ƙofar gari don direba ya ji ya shigo cikin mutane, a ware filin da motocin kasuwa za su tsaya su yi lodi ba bisa kwalta ba, a ja rumfuna baya, a ba masu ƙafa da amalanke turbarsu a gefe. In hukuma ba ta yi abin da aka auna ba, jama'a za su yi wanda ba a auna ba, kuma hukumar ba ta da bakin zarginsu.

A watan Oktoba na 1997 majalisar dokokin Suwidin ta ɗauki wata manufa: tun da ɗan Adam ajizi ne, dole a gina hanya yadda kuskurensa ba zai zama mutuwarsa ba, kuma nauyin haka yana wuyan masu zanawa da masu kula da hanya, ba mai tuƙi kaɗai ba. Suka raba hannu biyu na hanyoyin karkara da igiyar ƙarfe, suka mai da mararraba shatale-tale, suka rage gudu cikin gari zuwa 30. A 1997 mutum 541 suka mutu bisa hanyoyinsu, a 2019 sun sauko 221, ga motoci sun ƙaru. Ba mu ce a kawo igiyar ƙarfe Damargu ba, don raƙumi da garken shanu ba su da inda za su bi. Abin ɗauka shi ne tambayar da suka koyi yi kafin a zuba kwalta: in mutum ya yi kuskure a nan, mutuwa zai yi ko kuwa tsira?

A yi wannan tambaya da dare, don mafi yawan manyan motoci da dare suke tafiya saboda zafi. Fitilar mota in an sauke ta ba ta haska fiye da mita 50 ko 60. Mun riga mun ga mai gudun 100 yana bukatar fiye da 80. Ke nan duk abin da ke kwance bisa kwalta cikin duhu, wanda ba ya walƙiya, direba zai gan shi ne bayan lokacin tsayawa ya wuce. Me ke kwance bisa kwaltar Damargu da dare? Raƙumi, jaki, amalanken da ya taso daga kasuwa ba ko ƙyalle a bayansa, da gingimarin da ya lalace ya tsaya tsakiyar hannunsa, karen mota ya jera rassan ƙaya da duwatsu, gari ya waye aka gyara aka tafi aka bar duwatsun. Maganin wannan rabi na injiniya ne, rabi namu ne. Na injiniya shi ne kafaɗar hanya mai faɗi da ƙarfi wadda babbar mota za ta iya sauka bisanta ba ta nutse ba, da farin layi a gefe wanda ake sabuntawa, da wuraren hutun direbobi nesa da gidaje. Namu kuwa shi ne faranti mai walƙiya a bayan kowane amalanke.  Sandikan masu amalanke da sarkin kasuwa suna iya tilasta shi cikin mako guda, ba sai doka ta zo daga Yamai ba.

Sai maganar bisashe. Damargu mahaɗa ce ta manomi da makiyayi. Da faɗuwar damina garke yakan haura arewa, wasu har wajen Ingal, bayan girbi ya gangaro. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali, kuma kwamitocin kula da filaye sun san inda yawancinsu suka bi. To burtalin nan yana tsallake kwalta a wurare sanannu, kusa da rijiyoyi da tafkuna. Abin mamaki shi ne taswirar burtali tana ofis ɗaya, taswirar hanya tana wani ofis, ba safai ake ɗora ɗaya bisa ɗaya ba. Ardo da mai gari suna iya nuna wa injiniya da yatsa, cikin yini guda, duk inda shanu ke tsallakawa daga Bakin Birji har Tanut. A wurin nan ne ya kamata a share itatuwan da ke tare ido, a sassauta gangaren gefen hanya don dabba ta hau ta sauka da sauri, a sa allo da kunyoyin gargaɗi.

Mu koma ga hanyar jar ƙasa, wadda ita ce ta mutumin Gangara ta yau da kullum, kuma ita ce bincike ya fi mantawa da ita. Kowa ya san gargadar da ke fitowa bisa burji, layi-layi kamar kwanon rufi. Mutane suna cewa rashin iya aiki ne. Wani masani a Ostireliya, Keith Mather, ya nuna a 1963 cewa taya ce da kanta ke haifar da ita: muddin ana gudu bisa ƙasa mai sako-sako, gargada za ta fito ko wa ya gina hanyar. Direbobi sun gano dabara, wato a ƙara wuta har mota ta riƙa taka kawunan gargadar kaɗai, girgiza ta ragu. Jiki ya ji daɗi, amma tayar rabin lokaci a iska take. Ranar da aka ce a taka birki ko a kauce wa jaki, motar ba ta da abin riƙo, sai ta yi gefe, in kuma lodi ya yi sama sai ta kife. Ga ƙura, wadda ke sa mai neman wuce na gabansa ya shiga hannun wani yana makaho. Ga koramu da damina, inda ruwa ke cin gefen siminti ya bar rami, ko ya zo da ƙarfi direba ya ce zai gwada. Irin wannan hanya ba ta son aikin shekara goma sau ɗaya. Tana son a bi ta da injin gyara a kai a kai, a cike gefen kwalbati kafin ruwan farko, a kafa ginshiƙai masu awo a bakin kowace korama don direba ya ga zurfin ruwa kafin ya shiga. Kuma inda ta haɗu da kwalta, ya kamata a zuba mata kwalta ƴan mitoci, a buɗe wurin, don mai fitowa ya tsaya daram ya ga dama da hagu, maimakon ya yi ƙoƙarin hawa tudu da gudu ya faɗo gaban tanka.

Lodi ya wuce kima shi ne ke haɗa lalacewar hanya da mutuwar mutane. Daga 1958 zuwa 1960, a jihar Ilinoi ta Amurka, an gina hanyoyin gwaji aka sa motoci masu nauyi iri-iri suna kewaya su dare da rana. Sakamakon ya zama ginshiƙin aikin hanya a duniya: in nauyin da ke bisa ƙarfen tayoyi ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa wajen sau 16. Shi ya sa ƙasashe masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma suka sa doka mai lamba 14 a watan Disamba na 2005, wadda ta ƙayyade tan 11 da rabi ko 12 ga ƙarfe guda na baya, gwargwadon tayoyinsa. Mai motar da ya ɗora ninki yana cin ribar tafiya ɗaya, ya bar wa ƙasa ɓarnar tafiya 16. Kwalta ta tsage, ruwa ya shiga, rami ya buɗe, ƙaramar mota ta kauce masa ta shiga hannun wani. Ita kanta gingimarin birkinta ba a yi shi don wannan nauyi ba, ga mutane zaune bisa buhuna, waɗanda in ta tuntsure ba su da abin da zai tare su. Ma'auni a bakin hanya, wanda ke aiki da gaske kuma ake sauke rarar kaya a gabansa, ya fi kowane faci arha.

Game da tankokin mai, ba mu manta da daren 5 ga Mayu na 2019 ba, lokacin da wata tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 55. Hanyar da ke wucewa ƙofar matata ta fi kowace hanya bukatar a raba tanka da kasuwa. Kuma a gaya wa yara, a makaranta da gida, cewa tankar da ta kife gudu ake yi daga gare ta.

Babur ya zama jakin zamani a karkarar Gangara, shi ke kai mara lafiya, shi ke kai amarya. Binciken da ya tattara sakamakon ƙasashe da yawa ya nuna hular kwano tana rage mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Ana cewa zafi, ana cewa ba ta shiga bisa rawani. Zafin gaskiya ne, kuma aikin ƴan kasuwa ne su kawo mai huda wadda iska ke shiga, aikin hukuma ne ta sauƙaƙa mata kuɗin duwan. Bayan karo kuma, wanda ya ji rauni a yammacin Gangara yana da tafiya mai tsawo kafin asibitin Tanut, in kuma kai ne ko ƙashin baya sai babban asibitin Damagaram. Da yawa jini ne ke kashe su a hanya, ko ɗaukar da aka yi musu ba daidai ba. Direbobi da ƴan kabu-kabu su ne ke fara isa wurin. Koya musu ɗaure jini da ɗaukar mai karaya aikin kwana biyu ne, kuma ma'aikatan Kurwa Ruj sun iya shi.

Duk abin da muka faɗa yana komawa ga ƙidaya, kuma a nan ne ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci kuke da aiki. Ƙasashen da suka rage mutuwa sun fara ne da sa ɗigo bisa taswira, ɗigo ɗaya ga kowane haɗari, har wuraren da ɗigo ya taru suka bayyana. Ba sai da kwamfuta ba. Littafi guda a hannun mai gari, da mutum guda mai iya rubutu da boko ko da ajami, sun isa. A rubuta rana, da lokaci, da wurin daidai, ko kusa da wace rijiya ko wane ginshiƙin kilomita, da abin da ya buge wane, da yawan masu rauni, da wanda ya cika daga baya a gida. Ƙarshen wata a kai wa likita da jandarma su haɗa da nasu. Bayan shekara biyu, garin da ya je gaban perfe da littafi yana cewa mutum kaza a wuri kaza, ba za a sallame shi da haƙuri ba. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, tana da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai. Ga littattafan nan, ga hukumar ANISER da aka ɗora wa kiyaye haɗarin hanya. Ya kamata a haɗa su.

Ga mahukunta kuwa, roƙonmu a fili yake. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shekarun 2021 zuwa 2030 su zama na rage mutuwar hanya da rabi, shugabannin Afirka kuma sun amince da yarjejeniyar kiyaye haɗari a Adis Ababa a watan Janairu na 2016. Hanyar cika wannan alkawari sananniya ce, Ingila ta fara ta tun shekarun 1980: kafin a amince da zanen hanya, da kafin a karɓe ta daga hannun ɗan kwangila, a kira injiniyoyin da ba su ne suka zana ta ba, su bi ta da rana su bi ta da dare, da mota da ƙafa, su rubuta duk inda za ta iya kashe mutum. Muna ƙara da cewa su bi ta ranar kasuwa, su zauna da mai gari da ardo da shugaban sandikan direbobi da matan da ke ɗibar ruwa a tsallaken kwalta. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an gyara abin da suka rubuta. Inda aka riga aka karɓi hanya, kamar tsakanin Damagaram da Tanut, a yi wannan dubawa yanzu, a fara da tsakiyar Bakin Birji, da ƙofar matata, da mararrabar Sabon Kafi inda mutanen Gangara da Balbeji ke fitowa, a kuma sa kuɗin gyaransu cikin kasafin asusun kula da hanyoyi na shekara mai zuwa.